Ranar da Baba Ya Fita Shuka a Magarya

Ƙofar ce ta fara ɗauke mini ido. Ƙofar ƙarfe ce shuɗiya, fentinta bai daɗe da bushewa ba, maƙerin ya lanƙwasa samanta kamar furen kabewa. Dillalin gidaje yana gefena yana ta bayanin ɗaki biyu da madafa da makewayi, ni kuwa ko rabin maganarsa ban ji ba. Tun ina kwaleji nake karanta littattafan soyayyar nan da fatake ke shigo mana da su daga Kano, muna karɓar haya muna ɓoyewa cikin hijabi, kuma da wuya ka buɗe ɗaya ba ka tarar da irin wannan ƙofa ba. A bayanta budurwa take zaune tana jira, sai wata rana da la'asar sakaliya a ƙwanƙwasa, ta buɗe ta ga dogon mutum wanda ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. A ƙauyenmu can ƙasar Mallawa ba a ƙwanƙwasa komai. Zaure ne, sai sallama. Nan take na ce wa dillali na karɓa. Ban tambaye shi ta inda ruwan tsakar gida yake fita ba. Ban kuma kula da shiyyar da ƙofar take kallo ba, don ban san abin kula ba ne.

Aikin koyarwa aka ba ni a wata lakwal, makarantar boko ta yara, a Magarya, shi ya raba mu da gida. Yayyena maza sun tafi ci-rani kudu tun da daɗewa, ci-ranin ya zama zama, sai dai aike. Ni ce auta, ni kaɗai na rage kusa da Inna da Baba. Baba kuwa ƴan shekaru ke nan da mantuwa ta kama shi. Da fari sunayen jikoki ne suka tsere masa, daga baya ya fara yin sallar azahar sau biyu, har ta kai yakan dube ni ya tambayi Inna, "Baƙuwar nan an ba ta ruwa?" Jikinsa lafiya lau, ƙafarsa ta fi tawa sauri. Kan ne kawai ya zama kamar rumbun da gara ta shiga.

A ƙauye wannan bai taɓa hana mu barci ba. Baba yakan fita duk sa'ad da ya ga dama. Duk wanda ya gamu da shi, mace ce a hanyar rijiya ko Bafillace ne da shanunsa, ya san abin faɗa: "Baba, ana nemanka a gida, an dama fura." Sai ya juya. In bai juya ba a raka shi. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, mu ma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ruwan rijiya ne, ba a tuna shi sai ranar da guga ya fito wayam.

Kafin mu tashi kowa ya ba mu shawara, musamman wata gwaggona da ta yi zaman aure a Damagaram. Ta ce in pampo ya kawo ruwa in cika komai har tukunyar miya, don ba ya sallama in zai ɗauke. Ta ce in haddace sunan unguwa da masallacin da ke kusa, don ɗan kabu-kabu bai san gidan wane ba. Ta ce katin shaida kar ya bar jikina, ko cefane zan je. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Abin da ya fi duka, Auta, ƙofa. Birni ba ƙauye ba ne. Ki kulle ƙofarki, ki kulle bakinki. Kar ki bari kowa ya san abin da ke cikin gidanku." Duk abin da ta faɗa na same shi gaskiya a wurinsa, har na ƙarshen ma in don ɓarayi ne. Ita dai ba ta taɓa zaman birni da tsoho mai mantuwa ba.

Ranar tashi, bayan an kai amfanin gona rumbu, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar zaure. Aka ɗora gado da randa da buhunan hatsi da akwatin littattafaina. Baba ya fito riƙe da sungumi, dogon abin saran shukar nan da ƙotarsa ta yi sulɓi saboda shekaru a hannu.

Na ce, "Baba, me za mu yi da sungumi a birni? Siminti ne fa ko'ina."

Ya ƙara damƙe shi.

Direba ya leƙo ya ce, "Madam, bar shi ya riƙe abinsa. Na ɗauki mai turmi, na ɗauki mai zakara, mai sungumi ne zai gagare ni? Dattijo, shigo gaba, amma kar ka sare mini gilashi."

Da muka isa na jefa sungumin kan rufin madafa, na manta da shi.

Muka shiga, muka kulle. Da safe in tafi lakwal, in na dawo in ja sakata. Inna ba ta fita, ta ce titunan duk kama ɗaya suke mata. Cefane ni nake yi a hanya. Maƙwabta daga nesa muke gaisawa. Akwai wata dattijuwa mai waina da ke zama a bakin layinmu. In na wuce in ce ina kwana, ta ce lafiya, shi ke nan. Da yamma nakan shimfiɗa tabarma in buɗe littafi, kunne ɗaya a ƙofa. Na ma dasa fulawa a tsohon gwangwani na ajiye a gefenta, don mai zuwa ya tarar da wuri yadda ya kamata. Mai sayar da ruwa ne kawai yake bugawa in pampo ya ɗauke, sai mai kawo takardar kuɗin kuran, wato wutar lantarki, su ma daga bakin ƙofa suke juyawa.

Watannin farko Baba yakan zauna ya zuba wa ƙofar ido ya ce, "Masu gidan nan ba su dawo ba har yanzu? Mun daɗe musu fa." Ya ɗauka baƙunta muka zo. Wani lokaci ya tashi ya girgiza ƙarfen, Inna ta lallashe shi ya zauna. Can wajen tsakiyar rani ya daina. Ya fara kiran madafa rumbu, yana kiran katanga darni, yana faɗan awaki sun shiga alhali ko ɗaya ba mu da ita. Na yi murna, na ce wa Inna ya saba.

Ruwan farko ya sauka da asuba, gab da hutun ƙarshen shekarar karatu. Ruwa sosai, irin wanda manomi ke tona ƙasa da hannu ya ga lema ta wuce tsawon tafi. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗaki. Da gari ya waye muka tarar tsakar gida ta zama tafki, don magudanar da ban tambaya ba ashe babu ita. Ruwan ba shi da hanya sai ta ƙofa. Na wangale ta, muka yi ta korar ruwa da tsintsiya da faranti. Lokacin lakwal ya yi, yara suna jarrabawa, na bar Inna tana ƙarasawa. Baba yana zaune a bakin ɗaki, hancinsa sama, yana shaƙar iska. Gajimare ya rufe ko'ina, babu alamar rana.

Ban daɗe da raba takardu ba salulata ta yi ƙara. Inna ba ta taɓa kirana a wurin aiki ba.

"Auta, babanki yana wurinki?"

"Wurina kamar yaya, Inna?"

"Na shiga in hura wuta. Na fito ba shi."

Ban tuna abin da na faɗa wa direkta ba. Na dai tuna takalmina ɗaya ya tsinke a cikin taɓo, na cire ɗayan na riƙe a hannu, na ci gaba.

Tunanina ɗaya ne: gida zai tafi. Mutumin da ya yi watanni yana girgiza ƙofa, ina zai nufa in ba Mallawa ba? Na hau kabu-kabu zuwa tasha. Ranar kasuwa ce. Motoci daga Sassumbrum, daga Waca, daga Dungas, daga ƙetaren iyaka, ana saukewa ana lodi. Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya.

"Don Allah ba ku ga wani tsoho ba?"

"Madam, tsoho kamar yaya? Tun safe tsofaffi nake ɗauka."

"Dogo, mai farin gemu, da shuɗiyar taguwa."

Ya nuna mini wata rumfa da haɓa. A ƙarƙashinta dogayen tsofaffi ne masu farin gemu zaune a jere suna jiran mota, rabinsu da shuɗiyar taguwa.

Sai a nan na gane ban iya kwatanta ubana ba. A ƙauye in an tambayi wa ake nema, sai a ce ɗan wane, na gidan wane, mai gonar bayan kuka, magana ta ƙare. A nan duk wannan ba ya sayen komai. Hoto suke tambaya. Hoton da muke da shi ɗaya ne, na tsohon katin shaidarsa: baƙin gemu, ido a buɗe, mutumin da ni kaina ban taɓa gani ba. Salulata tana ɗaukar hoto. Na buɗe ta, na tarar da ƙofa, da fulawa, da faɗuwar rana bisa katanga, da ni kaina cikin sabon mayafi. Baba ba ya son a ɗauke shi, mu kuma ba mu taɓa matsa masa ba. Wa zai nemi hoton mutumin da kullum yake gabansa?

Wani mai lodi ya faɗi abin da ya ƙara tsinka mini zuciya. Ya ce, "In ya ce gida za shi, wani mai tausayi zai iya sa shi a mota kyauta. Sai dai wane gidan? In motar kudu ya hau, yanzu haka ya tsallaka iyaka."

Na je gidan likita, na leƙa ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka tsinto a hanya. Na je wurin jandarmomi, suka rubuta, suka ce za su sanar, su ma suka tambayi hoto. Na kira babban yayana, daga can nesa ya ce, "To ni yanzu me zan yi daga nan?" Gaskiya ya faɗa, na kashe. Gajimare ya yaye, rana ta fito da irin zafin bayan ruwa mai dafa mutum cikin rigarsa. Baba bai karya kumallo ba, bai ɗauki buta ba. Na tsaya a kan wata ƴar gada da ruwan gari ke bi ta ƙarƙashinta, ina kallon jan ruwa yana wucewa da kara da leda da mushen kaza, duk abin da ya gilma shuɗi sai gabana ya faɗi. A littattafaina in budurwa ta tsaya haka tana kuka, mota takan tsaya a bayanta, a sauke gilashi a ce, lafiya? Na tsaya har ƙafata ta gaji. Amalanken jaki ne ya zo, mai shi ya ce in matsa.

Na koma unguwa wajen azahar. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta kasa shiga ta kasa gaba. Mai waina ta bar tandarta ta zo.

"Madam, lafiya tun safe kuke kai da kawo kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai?"

"Iya, babana ne ya ɓace."

"Babanki? Yaushe ya zo?"

"A nan yake. Tare muke."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar. "A gidan nan? Akwai namiji a gidan nan? Mu duk unguwa mun ɗauka ke da tsohuwa ce kawai, kuna gadin zinariya. Tun yaushe?"

"Tun kaka. Yana da mantuwa, Iya. An ce mu riƙa kullewa."

"An ce ku kulle. To ga shi kun kulle, har mu kun kulle mu a waje. Ai ta gabana kowa ke wucewa. Da na san fuskarsa da na zaunar da shi na cika masa ciki da waina har ku fito."

Ba ta jira amsata ba. Ta aika aka faɗa wa liman, ta kira ɗanta magidanci mai sana'ar kabu-kabu ta ce ya gaya wa abokan aikinsa. Bayan an sallame salla aka yi cigiya a lasifikar masallaci. Ina tsaye ba takalmi na ji ana neman "wani dattijo baƙo", a unguwar da ya shafe watanni a cikinta.

Inna ta shiga ɗaki. Ta fito da babbar rigar Baba a hannu, da hularsa ta zuwa unguwa, da takalmansa.

"Auta, ba tafiya ya yi ba. Mutumin nan ko gaisuwar mutuwa a ƙauyen gaba ba ya zuwa sai da rigar nan. Ya manta sunana, wannan bai manta ba."

Ta ɗaga kai ta dubi rufin madafa. Ni ma na duba. Sungumi ba ya nan.

"Gona ya tafi," in ji ta. "Shi a ransa ya daɗe da komawa gida, mu ne muke Magarya. An yi ruwa, ya fita shuka." Ta ƙara da cewa, "Bai ɗauki iri ba. Ba ya ɗauka. Shi sara yake yi a gaba, mu ne masu bin baya da ƙoƙo. Mu yake jira."

Mai waina ta riƙe haɓa. "Mai sungumi? Yau kam duk namijin da ya wuce ta gabana da sungumi ya wuce. Ranar ruwan farko wa zai kalli mai sungumi?"

Gonaki sun kewaye Magarya ta ko'ina. Amma gonar Baba gabas da gidanmu take, rana a fuska ake zuwa da safe, rana a fuska ake dawowa da yamma. Ɗan mai waina ya ɗauke ni a motonsa na kabu-kabu muka nufi gabas. Inna ta dage sai ta bi mu, aka samo mata wani ɗan kabu-kabu. Kafin ta hau ta koma ciki ta zubo gero a ƙoƙo. Na ce, "Inna, wannan na mene ne?" Ta rufe shi da gefen zani ta hau.

Muka bi gona gona. Ko'ina mutane ne a jere, mai sara a gaba, masu jefa iri a baya. Daga nesa kowane mai sara Baba ne. Sai in ruga da gudu, in iso, ya juyo da fuskar wani. Na kira har muryata ta dushe. Mutane su tsaya su saurare mu, su ce Allah ya bayyana shi, su koma aikinsu, don lema ba ta jiran kowa. Wani ya ce ya ga tsoho ya bi ta wajen wata tsohuwar rijiya. Na je na kwanta rub da ciki a bakinta ina leƙe, ba abin da na gani sai fuskata. La'asar ta wuce. Wani hadarin ya taso baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗawa. Na san in wannan ruwan ya sauka, duhu ya biyo shi, tsohon da bai ci ba bai sha ba tun jiya ba zai kai safe a daji ba. Na zauna a jiƙaƙƙen yashi na ce, "Inna, ba ya nan."

Inna ba ta zauna ba. Ta tsaya tana juya jikinta a hankali kamar mai neman alƙibla a baƙon wuri. Ta ɗan taka, ta miƙa hannun dama.

"Da safe akwai rana?"

"Babu. Gajimare ne."

"To da me zai gane gabas? Zaurenmu arewa yake kallo. In ya fito dama yake yi. Ƙafarsa ce ta san hanya, ba idonsa ba. Wannan ƙofar taki ina take kallo?"

Wata da watanni ina zaune ina kallon ƙofar nan, amma ban sani ba. Ɗan mai waina ne ya ce, "Layinku kudu yake kallo, Inna. In dama ya yi, to yamma ya nufa."

Muka ratsa garin da gudu, ta tsakiyar ƴan kasuwa masu naɗe kaya saboda hadari. Muka bi ta ƙofar gidanmu, muka yi dama, muka miƙe yadda ƙafa za ta miƙe, har gidaje suka ƙare, kangaye suka ƙare, aka shiga yashi. Inna ce ta fara gani. Ba shi ta gani ba, saransa ta gani: layin ramuka miƙe kamar an ja da igiya, taki ɗaya sara ɗaya, ya faro tun daga bakin hanya ya ratsa wani fili da ba a nomawa, ramukan a buɗe, ba iri a ciki.

"Hannunsa ne," in ji ta.

Muka sauka muka bi layin. A gona ta gaba ramukan a rufe suke. Can ƙarshenta ga Baba, taguwarsa ta jiƙe da gumi, yana tafe yana sara. A bayansa wani gajeren mutum ne mai furfura, riƙe da ƙwarya, yana jefa iri yana rufewa da diddige. A gindin wata aduwa akwai goran fura a buɗe.

Mutumin ya hango mu ya ƙaraso. Haƙoransa na gaba babu, wandonsa ƙafa ɗaya a naɗe ɗaya a sake.

"Ku ne masu shi? Alhamdu lillahi. Na zo gonata da hantsi na tarar an riga ni. Na ce, bawan Allah, gonar wa kake sara? Ya ce, 'Ta ubana. Kai ɗan gidan wa ne da ka makara haka? Ina iri?' To ni matata ta rasu, ƴaƴa sun watse, bayana kuma ba ya shiri da sungumi. Na ce wannan Allah ne ya aiko." Ya yi dariya. "Na tambaye shi gida, ya ce ga shi can bayan kuka. Na duba, ba kuka a wajen nan. Sai na gane. Na ce in na bar shi na tafi neman masu shi zai ƙara gaba, in na ja shi cikin gari ban san ƙofar da zan kai shi ba. Gara in riƙe shi da aiki, mai nema zai zo. Ya sha fura, ya huta a inuwa, ya yi azahar. Sau biyu ma, ni ma na bi shi, lada ba ta yawa."

Na buɗe baki in yi godiya, kuka ya riga ni.

Ya ce, "A'a, malama, bari. Ni ne da godiya. Dubi layin nan. Rabon gonar nan da irin wannan sara tun mahaifina yana da rai."

Baba ya juyo ya gan mu. Bai yi mamaki ba. Ya dubi Inna ya ce, "Sai yanzu?"

Inna ta gyara ɗaurin zaninta, ta shiga bayansa da ƙoƙonta, ta fara jefawa tana rufewa. Suka ƙarasa layin iska tana kaɗa su. Da suka kai iyaka ta ce, "Malam, ana nemanka a gida, an dama fura." Ya saɓa sungumi ya biyo ta. Ɗigon farko a bakin gari ya same mu.

Kashegari mai waina ta zo ta daki ƙofar da tafin hannu. Ta ce a sa wa Baba babbar rigarsa. Ta riƙe hannunsa ta zaga da shi: wurin mai shayi, mai butik ɗin kayan masarufi, mai faci, liman, mai unguwa, masu zaman dakali, har ƴan kabu-kabun bakin titi. Duk inda ta tsaya sai ta ce, "Ku dube shi da kyau. Na gidan shuɗiyar ƙofa ne. In kun gan shi ku ce ana nemansa a gida, an dama fura." Baba yana ta miƙa hannu yana tambayar kowa ya shuka, ya iyali. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Madam, mu ma a riƙa dama mana, mu ma muna ɓata." Ranar na ɗauki Baba hoto. Ya ɓata rai a ciki.

Tun daga nan duk wanda ya ce mini zai ƙaura wani gari, nakan faɗa masa shawarwarin gwaggona, pampo da katin shaida da sunan unguwa. Sannan in ce ya tambayi inda ruwan tsakar gida ke fita, ya kuma tsaya a bakin ƙofa ya san shiyyar da take kallo. In yana da tsoho, ko wani mai rauni, kafin ya kwance kaya ya kama hannunsa ya nuna wa unguwa fuskarsa. Wasu sukan yi dariya a wajen maganar ƙofar, ni kuma ba kullum nake da ƙarfin ba da labarin ba.

Baba ya sake fita sau da yawa bayan haka, bai taɓa wuce mai faci ba. Damina ta zagayo, ruwan farko ya sauka, da sassafe na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar a hankali, cikin ladabi, irin ƙwanƙwasar da na daɗe ina jira. Na gyara ɗankwali na buɗe. Mai gonar ne da ƙwaryarsa, yana murmushi ba haƙora.

"Malama, abokin aikina ya tashi?"

Haka ya riƙa zuwa kowace shekara. Su tafi su uku da Inna, su dawo da azahar. Da kaka ya aiko da damin gero ya ce ladan sara. Har ranin da Baba ya kwanta bai tashi ba. Mai gonar ne ya sauka cikin kabarin ya karɓe shi. Bayan kwanakin zaman makoki Inna ta sauko da sungumin ta ba shi.

Gari ya ci gaba da tafiya yamma. An yanka gonar filaye, yanzu gidajen siminti ne a wurin, wasu ƙofofinsu sun fi tawa kyau. Shi kuma mai gonar ƙarfi ya ƙare masa, ido ya yi rauni, babban ɗansa ya zo ya tafi da shi Kano. Ranar da za su tashi na je tasha, na ja ɗan gefe na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowa. Ya ce, "To, Madam," yana kallon mai lodi kar a danne masa kaya. Ban sani ba ko ya yi. Bara wani direba da ke bin hanyar ya ce mini ya gan shi. Yana raye, yana yini a bakin shagon ɗan nasa, sungumin a jingine a bayansa. Tsakanin shagon da kwata akwai ɗan yashi da bai fi tabarma ba. Direban ya ce da damina ya ga gero ya tsiro a wurin, layi ɗaya.